Yadda Za Ka Ziyarci Tafkin Ƙanƙara na Jokulsarlon

Idan Allah ya kai ka ƙasar Aislan, shawarata kada ka baro ta ba ka ga Jokulsarlon ba. Daga Reykjavik, babban birnin ƙasar, kusan kilomita 380 ne a kan babbar hanya mai lamba 1, tafiyar awa biyar. Kada ka ce za ka je ka dawo a yini ɗaya. Nemi masauki a garin Vik ko na Hofn, waɗanda suka fi Reykjavik kusa da tafkin, musamman a Disamba da rana ba ta wuce awa biyar a sama.

Tafkin ya fara samuwa ne wajajen 1935, da dutsen ƙanƙarar Breidamerkurjokull ya soma ja da baya. Har yau gutsattsarinsa na ɓallewa su faɗa ruwa, wasu fari fat, wasu shuɗi shar, wasu da ratsin baƙar tokar aman wuta. Fara tsayawa kusa da gadar da babbar hanyar ta bi ta kanta a bakin tafkin ka ga yadda ruwa ke jan su zuwa teku. Daga nan tsallaka titi zuwa gaɓa, inda igiyar ruwa ke watso su kan baƙin yashi suna ta ƙyalli. Nan na fi so, da sassafe kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su cika wurin.

Kwale-kwalen shiga tafkin ya fi samuwa daga Yuni zuwa Satumba. Shiga kogon da ke cikin dutsen ƙanƙara kuwa sai lokacin sanyi, kuma sai da ɗan jagora.

Don Allah kada ka hau ƙanƙarar da ke yawo don ɗaukar hoto. Mafi yawanta na ƙarƙashin ruwa, tana kifewa ba zato. Ka tafi da safar hannu da rigar da ruwa ba ya ratsawa.