Yadda Ake Kwatanta Jif Masu Lantarki Kafin A Saya

Yawancin waɗanda na ga sun yi nadama wajen sayen jif mai lantarki wuri ɗaya suka faɗi: sun ga lambar kilomitan da motar ke yi a caji ɗaya a talla, sun yarda da ita yadda take. Ni ma ta nan na ƙone, shi ya sa zan fara da ita.

Da farko, tambayi dillali da wane ma'auni aka auna nisan da motar ke yi a caji ɗaya. Uku ne za ka ci karo da su: EPA na Amurka, WLTP na Turai, da CLTC na China. Na Amurka ya fi kusa da abin da za ka gani a hanya, na China kuwa ya fi kowanne kumbura lamba. Dubi BYD Atto 3 mai batir kusan kWh 60 (ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka): a Turai an rubuta mata kilomita 420, a China, inda ake kiranta Yuan Plus, an rubuta 510. Mota ɗaya, batir ɗaya. Wadda na saya ta zo da lambar China, na tashi daga Kano da esi a kunne cikin zafin Afrilu, kafin in kai Kaduna idona ya koma kan allon batir, ina ganin kaso yana sauka fiye da yadda na lissafa. Dokata yanzu: kada ka jera motoci biyu sai lambobinsu sun fito daga ma'auni ɗaya, sannan ka cire kashi ɗaya cikin biyar saboda zafi da gudu a babbar hanya.

Na biyu, bakin caji. 'Yar Amurka tana zuwa da CCS1 ko NACS na Tesla, 'yar Turai da CCS2, 'yar China da GB/T. Je inda za ka riƙa caji ka ga bakin da idonka. Adafta tana nan, amma ta cajin sauri tana da tsada.

Sai ƙarko. Taurari biyar na Euro NCAP, ƙungiyar da ke gwada tsaron motoci a Turai, maganar tsaro daga haɗari ce kawai, ba su ce komai game da lalacewa ba. Don wannan, duba binciken ƙungiyar Amurka mai gwada kayayyaki, Consumer Reports, wanda a 2024 ya nuna motocin lantarki sun fi na fetur matsala da kashi 42 cikin ɗari. Idan 'yar Amurka ce, ka kuma sa lambar shasi a shafin NHTSA, hukumar tsaron hanya ta Amurka, ka ga ko an taɓa yi mata kiranye, wato kamfani ya nemi a dawo da ita don gyara. Hyundai Ioniq 5 da Kia EV6 motoci ne masu kyau da saurin caji, amma an yi musu kiranye a 2024 saboda na'urar ICCU da ke cajin ƙaramin batir. Tabbatar an gyara kafin ka biya.

A ƙasa mai zafi ni batirin LFP (nau'in da ake haɗawa da lithium, ƙarfe da phosphate) nake zaɓa, yana jure a cika shi ɗari bisa ɗari kullum. Garantin batir yawanci shekara 8 ne ko kilomita 160,000, sai dai sau da yawa ba ya bin tokunbo ya tsallako teku, don haka sa a jona na'ura a karanto maka lafiyar batirin.

Farashi kuma, haɗa shi da kuɗin kwastan, na caja a gida da na taya, ka kuma tambaya ko akwai bakanikin da ya taɓa buɗe irinta a garinku.