Darasi na Bakwai: Sayen Tsohuwar Mota Mai Shan Gas (Dizal)

A ajinmu na yamma a Jega akwai wani dattijo manomin albasa, mutumin Aliero, wanda ya shekara uku yana tara kuɗin mota. Bai taɓa mallakar abin hawan da ya wuce babur ba. Wata rana bayan an tashi ya tsaya ya ce mini, "Malam, na ga wata Marsandi mai gas a Birnin Kebbi. Tsohuwa ce, amma jikinta sumul. Dillali ya ce wagga mota ba ta shan mai, shinshinawa takai."

Na ce, "Baba, da wane lokaci ka gan ta?"

Ya ce bayan la'asar. Na ce to ai bai gan ta ba tukuna.

Me ya sa sai da sassafe?

Injin fetur yana da fulogi mai fitar da tartsatsi, shi ke kunna man. Injin gas ba shi da wannan. Iska yake matsewa har ta yi zafi ƙwarai, sai nozul ya fesa mai a cikinta, man ya kama da kansa. Wani Bajamushe, Rudolf Diesel, shi ya ƙirƙiro shi a shekarun 1890, daga sunansa aka samu kalmar dizal, wanda mu a nan muke ce wa man gas.

Ka ga ke nan ran wannan inji yana cikin matsi. Idan ringi, wato zoben jikin fistan da ke hana iska zurarewa, ya cinye, matsi ya ragu, motar ba za ta tashi da wuri ba in ta kwana. Amma in ta riga ta ɗauki zafi, kana taɓa makulli za ta tashi kamar sabuwa. Dillalai sun san haka. Saboda haka ka ce wa mai mota kada a tayar da ita sai ka zo, kuma kana zuwa ka ɗora hannunka a kan inji kafin ka ɗora shi a kan komai.

Haka muka yi. Mun isa bayan sallar asuba tare da bakaniken da Baba ya ɗauko da kuɗinsa, ba wanda dillali ya kawo ba. Bakanike ya buɗe bonet, ya taɓa, ya dubi dillali ya ce, "Alhaji, wa ya sha shayi da ita?" Injin da ɗumi. Muka ce sai gobe. Washegari da muka same ta a sanyaye, sai da aka yi kik sau huɗu kafin ta amsa, ta turnuƙe gidan da hayaƙi.

Karanta hayaƙi

Ka tsaya a bayan mota, wani ya tayar, ka zuba wa salansa ido.

Baƙin hayaƙi yana nufin mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. Sau da yawa filtar iska ce ƙura ta toshe, wannan gyaran mai sauƙi ne. Wani lokaci kuma nozul ne ya gaji, ko an taɓa saitin famfon da ke tura wa nozul mai. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi da wari kamar an ƙona baƙin mai, injin ne ke cin baƙin mansa, kuma a nan kuɗi suke. Farin hayaƙi da safe, musamman a hunturu, in ya ɗauke bayan ɗan lokaci ba abin tsoro ba ne. In bai ɗauke ba, kuma ruwan lagireto yana raguwa, to a zargi gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa.

Akwai gwajin da ba ya bukatar ko sisi. Inji yana aiki, a kwance murfin baƙin mai, a ɗora shi a bakin ramin ba tare da an ɗaure ba. In ya zauna yana ɗan motsi, da sauran rai. Na motar nan rawa ya yi ta yi har ya faɗo ƙasa, hayaƙi na fita daga ramin kamar tukunyar dambu. Bakanike ya ɗauki murfin ya goge a rigarsa, ya ce, "Baba, wagga sai an sauke inji."

Kada ka ruɗu da baƙin mai da ya yi baƙi ƙirin a geji. Haka injin gas yake, kwana kaɗan bayan juye man zai koma baƙi. Abin gudu shi ne ka ga ya yi kalar shayi da madara, alamar ruwa ya shiga. Haka ma kumfa da ke tasowa a lagireto. Amma fa lagireto ba a buɗe shi da zafi, ruwan yakan yi tsalle ya sale fuska.

Baba bai sayi Marsandin ba. Ya ji zafi, don ya riga ya faɗa wa iyalinsa. Ni dai a ganina da ma ba motarsa ba ce: mai buhunan albasa me zai yi da kujerun fata?

Wa zai gyara maka?

Kafin ka tambayi kuɗin mota, tambayi wanda zai gyara ta. Yawancin ƙananan motocin da ke yawo a Kebbi na fetur ne, kuma a kansu yawancin makanikai suka koyi aiki. Mai gyaran famfon injekta da nozul sana'arsa daban ce. Za ka fi samunsa wajen masu gyaran manyan motoci, tarakta da janareta, wani aikin ma sai an kai Birnin Kebbi ko Sakkwato.

Tsofaffin motocin gas iri biyu ne. Akwai masu famfo na ƙarfe zalla, ba kwamfuta, kamar Mercedes 200D da 240D da aka ƙera daga 1976 zuwa tsakiyar shekarun 1980, da Peugeot 504 mai gas, da tsohuwar Toyota Hilux. Waɗannan suna da haƙuri, kuma bakanike yana iya gano ciwonsu da kunne da hannu. Akwai kuma na baya-bayan nan masu kwamfuta, kamar Peugeot 406 HDi. Sun fi gudu, sun fi shiru, amma gurɓataccen mai yana kashe musu injekta, kuma kafin a san ciwon sai an jona na'ura. Wanda mota ta farko zai saya, kuma a ƙauye yake, na farkon sun fi masa.

Ka kuma yi lissafin mai da kanka. Gaskiya ne injin gas yana tafiya mai nisa da lita ɗaya fiye da na fetur mai girmansa. Amma a Nijeriya litar gas takan fi ta fetur tsada, ko bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, kuma ba kowane gidan mai ke da shi ba. Mai doguwar tafiya da kaya shi ke cin riba. Mai zagayen cikin gari, daga gida zuwa kasuwa, da wuya ya ga bambanci.

Takardu

Jiharmu tana da iyaka da Nijar da Benin, kuma a watan Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa. Don haka ka ga takardar kwastan da idonka. Ka duba lambar inji da lambar shasi a jikin motar, harafi bayan harafi, ka gwada da na takarda. A nan karatun da muke yi zai yi maka rana. A rubuta yarjejeniyar ciniki da shaidu, sannan a sauya sunan mallaka, a sabunta lasisi da inshora.

Bayan ciniki

Kada ka zuba duk abin da ka tara a hannun mai mota. Ka riƙe wani kaso, ni nakan ce ko kashi ɗaya cikin huɗu, don makon farko na gareji ne. A yi juyen baƙin mai, a sauya filtar mai, filtar gas da ta iska. A duba batir, domin injin gas yana son batir mai ƙarfi. A gwada hita, wato fulogin da ke ɗumama inji kafin tashi: ka murɗa makulli, ka jira fitilarsa ta mutu, sannan ka yi kik. In injin mai bel ɗin taimin ne, wato bel ɗin da ke daidaita motsin bawul da fistan, kamar Hilux da 406, kuma ba a san ranar da aka sa shi ba, a sauya shi, don in ya tsinke a kan tafiya yakan lalata kan inji. Tsohuwar Mercedes sarƙa gare ta. Da irin ƙurarmu, juye duk bayan kilomita 5,000 bai yi yawa ba.

Bayan wata biyu Baba ya sayi wata Hilux mai lotsattsen ƙofa da fenti kala biyu, wadda ta tashi bugu ɗaya da asuba. Sati uku da saye ta mutu masa a hanyar Kalgo. Ya bar tanki ya ƙafe, famfo ya ja iska. Ya sayi galan a wurin 'yan bumburutu ya zuba, ya yi ta kik har batir ya kwanta. Motar gas in ta kama iska zuba mai kawai ba ya tayar da ita. Sai an danna ɗan famfon hannu da ke kan filta, a sassauta ƙaramar ƙusar fitar da iska har kumfa ta ƙare, mai ya fito tsantsa, a ɗaure. Wani direban tirela ne ya tsaya ya nuna masa. Man galan ɗin kuma da ruwa a ciki, washegari sai da aka tsiyaye filta. Yanzu da gejinsa ya sauka kwata yake neman gidan mai.

Aikin gida

A ce ka tara naira miliyan 4, ka ware kashi ɗaya cikin huɗu don gyara. Nawa ya rage na ciniki? In ka yi juye mota tana kan kilomita 212,000, a kan lamba nawa za ka sake yi? Ka je garejin da ya fi kusa da kai, ka tambayi wa ke gyaran nozul a yankinku, ka rubuto sunan garin da yake a littafinka, ka zo da shi ranar Asabar.