Kurakuran da ake yi wajen ba fulawar ɗaki haske, daga Garwa har Njamena

Yawancin fulawoyin da ake sayarwa a bakin titi a Garwa da Marwa a arewacin Kamaru, irin su potos mai yaɗo da monstera mai tsagaggen ganye da difenbakiya mai faffaɗan ganye da ɗige-ɗigen fari, ba ƴan sahel ba ne sam. Monstera asalinta dazuzzukan kudancin Meziko ne zuwa Panama, a gindin manyan bishiyoyi take tsirowa tana hawa jikinsu, inda hasken da ke kaiwa ƙasa bai wuce kashi 1 ko 2 cikin ɗari ba. To mutum sai ya ji an ce ai shukar ƙasar zafi ce, ya ɗauka rana take so, ya aje tukunya a tsakar gida kan siminti cikin watan Afrilu lokacin da zafi ke haura digiri 40, kafin ka ce me ganye ya yi fari kamar an watsa masa tafasasshen ruwa, daga nan ya koma ruwan ƙasa ya bushe ƙamas. Wanda ya ƙone ba ya komawa kore, a yanke shi kawai, a matsar da tukunyar baranda ko ƙarƙashin darbejiya, tunda dai Marwa ba ta rasa darbejiya ba. Tukunyar baƙar roba kuwa a sa ta cikin ta yumɓu, don saiwa ma tana dahuwa.

Masu gudun wannan kuma sai su faɗa ɗaya ramin. A kai fulawa lungun falo kusa da talabijin don kwalliya, labule mai kauri a sauke, tagogi a rufe saboda zafi da ƙura. Idonka yana ganin ɗakin da haske, amma ita a duhu take. Rana tsaka a waje takan kai lakis 100,000 (lakis ma'aunin ƙarfin haske ne), lungun falo kuwa ƴan ɗaruruwa ne ko ma ƙasa da haka. Alamomin ba sa ɓuya: kara ya yi tsawo siriri yana leƙen taga, tazara tsakanin ganye ta ƙaru, sabon ganye ya fito ƙarami, zanen rawaya na potos ya ɓace ya koma kore zalla, monstera ta daina tsaga ganye. Sai ka ga uwar gida ta ƙara ruwa ta ƙara taki wai ko yunwa ce. Dan Allah a bari. Shukar da ba ta samun haske ba ta shan ruwa sosai, ƙasa ta zauna jiƙe, saiwa ta ruɓe. Gwaji mai sauƙi: da hantsi ka miƙa hannu a inda tukunyar take. In inuwar hannunka ta fito tar da kaifi, rana ta yi yawa. In ta fito dishi-dishi, nan ne wurin. In babu inuwa ko alama, to a matso da ita kusa da taga, kamar mita ɗaya, a sa labule shara-shara.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne bin bidiyon ƴan Faransa ido rufe. Suna cewa tagar arewa inuwa ce, kuma gaskiyarsu ne a ƙasarsu. Mu Garwa tana wajen digiri 9 arewa da ikwaita, Njamena 12, don haka daga wajen tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Agusta rana ta arewa take bi da tsakar rana, bangon arewa ne ke shan ta, sannan da hunturu ta karkata kudu sosai ta shigo ta tagar kudu. Ke nan wurin da ya yi wa fulawa daɗi a Disamba zai iya gasa ta a Mayu, dole tukunya ta riƙa canja mazauni. Tagar gabas ce mai sauƙin kai, ranar safe zuwa ƙarfe tara ko goma. Tagar yamma kuwa tsakanin azahar da la'asar wuta ce, sai da labule. Mutanen Ngawundare da ke kan tudu sama da mita 1,000 sun ɗan fi mu samun sassaucin zafi, amma ranarsu ma tana ƙona ganye.

Akwai kuma fitar da fulawar ɗaki waje farat ɗaya da farkon damina wai ta sha iska. Ganyen da ya girma a ɗaki bai saba ba. A fara da inuwa sosai, sannan awa ɗaya na ranar safe, a riƙa ƙarawa a hankali cikin sati biyu.

Ba duka ne ƴan inuwa ba fa. Kariya mai jan fure ƴar nan ce, rana take so ƙiri-ƙiri, a ɗaki ba za ta yi fure ba. Kuroton mai ganye kala-kala in bai samu haske mai ƙarfi ba launukansa dusashewa suke. Moda mai dogayen ganye kamar takobi kuwa tana jure duhu fiye da kowa, sai dai jurewa kawai take, ba girma ba.

Da hunturu ƙura kan lulluɓe ganye ta tare hasken da ake ta wahalar nema, a goge da jiƙaƙƙen tsumma sati-sati, ban da shafa mai don ƙyalli, ƙura yake ƙara kamawa. In difenbakiya ce a wanke hannu bayan an gama, ruwanta yana ƙona baki da maƙogwaro, kuma a ɗaga ta inda yara da awaki ba za su kai ba.