Darasi na 9: Ranar suyar naman layya, a kula da wuta da yara

Duk wanda ya taɓa yin Babbar Sallah a gidan yawa ya san yadda tsakar gida ke komawa daga ranar 10 ga Zulhajji zuwa kwana biyu uku bayanta. Ga kaskon mai a kan murhu, ga wuƙaƙe a zube inda aka yi fiɗa, ga baƙi na ta shigowa barka da sallah, yara kuma cikin sababbin kaya sai guje-guje suke tsakanin tukwane. Hankalin kowa na kan nama, to a irin wannan lokacin ne tsautsayi ke faɗawa gida.

Mu fara da man suya don yana yawan ƙona mutane. Uwargida, in za ki ɗora kasko ki nemi lungun da ba hanyar wucewa ba, ki duba duwatsun murhu sun zauna daram, sannan a sa babba ɗaya aikinsa kawai korar yara daga wajen. Kar ki yi suya da goyo a baya, kar ki yi da mayafi yana reto, balle irin yadin nan mai roba-roba da in ya kama wuta narkewa yake ya manne a fata. In mai ya kama da wuta dan Allah kar a watsa ruwa. Ruwa ya fi mai nauyi, ƙasan kasko yake nutsewa ya zama tururi nan take ya watso man sama yana ci, sai ki ga wutar da murfi ɗaya zai kashe ta kai rufin ɗaki. A kashe gas ko a janye itace, a kifa murfin ƙarfe ko babban faranti, a bar shi a rufe har ya huce.

In wani ya ƙone a yi ta kwarara ruwan sanyi a wurin har minti 20, ruwan famfo ko na randa, ban da ƙanƙara. Wallahi abin da ke ɓata min rai shi ne yadda ake rugawa a shafa man goge baki ko ɗanyen ƙwai ko manja, duk wannan datti yake kai wa ciwon, a asibiti ma sai an sha wahalar wanke shi kafin a fara magani, yaro na ta ihu. A cire zobe da awarwaro tun wurin bai kumbura ba, rigar da ta manne kar a ja ta, bororo kuma kar a fasa. In ƙaramin yaro ne, ko ƙunar a fuska take, ko ta fi tafin hannun mai ita girma, asibiti kai tsaye.

Masu girki da gas, in kun ji wari kar a ƙyasta ashana, kar ma a taɓa makunnin lantarki, a rufe kan tukunyar a buɗe ƙofa da taga. Don gano inda yake yoyo a shafa ruwan sabulu a kan tiyo, wurin da ya yi ta kumfa nan ne.

Sai kwalliyar ɗaki. An rataya sabon labule, an shimfiɗa kafet, ana so baƙi su shigo su ji ƙamshi, sai a ajiye kaskon turaren wuta a gindin labule a fita. Iska kaɗan ta isa. A ɗora shi kan farantin ƙarfe a tsakiyar ɗaki, kuma kar a fita a bar garwashi da rai.

Maigida, janareta naka ne. Saboda nama a firiza mutane kan bar shi yana aiki har asuba, wasu ma don tsoron ɓarayi su shigar da shi zaure ko kicin su kulle. A cikin hayaƙinsa akwai wata iska mai guba da ba ta da wari ba ta da launi, tana farawa da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, mai barci kuwa ba ya ma farkawa. A ajiye shi a fili, kamar mita 6 daga ƙofa da taga, bakin hayaƙin ya juya wa ɗakuna baya. Fetur kuma sai an kashe ya huce ake ƙarawa.

Kalanzir ɗin hura wuta kar a zuba shi a robar lemo, ranar sallah duk robar da yaro ya gani ɗauka yake abin sha ne. In ya sha kar a sa shi amai kar a ɗura masa manja, don aman ne ke kai kalanzir cikin huhu. A kai shi asibiti. Lambar neman agajin gaggawa a Najeriya ita ce 112.

Aikin gida: kowa ya zagaya gidansa ya rubuta inda za a ɗora kasko da inda za a ajiye janareta da sunan wanda zai tsare yara, a zo da shi aji mu karanta tare.