Yadda Ake Zaɓar Hanyar Ɗaga Kogon Kumatu Kafin Dashen Haƙoran Sama

A saman turamen haƙoran sama akwai wani kogon iska a cikin ƙashin kumatu, kuma idan haƙoran sun daɗe da fita, ƙashin da ke ƙarƙashin kogon yakan zaizaye har ya kasa riƙe ƙusar dashe, wato ƙusar da ake kafawa a ƙashi domin ta riƙe haƙorin da za a sa. Maganin wannan shi ne likita ya ɗaga siririn tantanin da ya shimfiɗu a ƙasan kogon, ya cike gurbin da garin ƙashi.

Kafin komai, a ɗauki hoton CBCT, wato hoton X-ray mai nuna ƙashi ta kowane ɓangare, a auna tsayin ƙashin da ya rage, domin wannan awon ne ke nuna hanyar da ta dace. Idan ya kai milimita 5 ko fiye, ana iya bin hanyar da likitan haƙori Summers ya bayyana a 1994: ta ramin da aka huda domin ƙusar ake shiga, a riƙa tura ƙasan kogon sama a hankali, yawanci kuma a dasa ƙusar nan take. Kumburinta kaɗan ne, amma ƙarin tsayin ƙashin da take bayarwa bai cika wuce milimita 2 zuwa 4 ba, sannan likita ba ya ganin tantanin da idonsa.

Idan ƙashin bai kai milimita 5 ba, sai a koma ga hanyar gefe, wadda likita Tatum ya soma, likitoci Boyne da James suka wallafa bayaninta a 1980. Ana ɗage dasashi, a buɗe 'yar taga a bangon ƙashin, a saɓule tantanin da matuƙar kula, domin yagewarsa ce matsalar da aka fi samu. Aikin ya fi nauyi da tsada, kuma sau da yawa sai an jira wata 6 ko fiye kafin dashe. Duk da haka, a ganina ita ce ta fi aminci inda ƙashi ya yi ƙaranci sosai, tunda ko tantanin ya yage ana gani a gyara.

Ya kamata majinyaci ya tambayi asalin kayan cikon, domin akwai na jikinsa, da na saniya, da na haɗin masana'anta, akwai kuma na alade. Bayan aiki, kada ya fyace hanci har kusan mako biyu, ya buɗe baki idan atishawa ta zo, ya kuma guji taba sigari, wadda ke hana wurin warkewa da kyau.