Yadda ake muhawara kan rabon kuɗin VAT ba tare da zage-zage ba

Tun watan Oktoban 2024, da Shugaba Tinubu ya aika wa Majalisar Dokoki ƙudurorin gyaran haraji huɗu, gwamnonin Arewa kuma suka taru a Kaduna suka yi watsi da tsarin rabon VAT (harajin da ake ɗorawa a kan sayen kaya) da ke ciki, nake ganin matasanmu suna shiga muhawarar a Facebook da gaskiyarsu, su fito an yi musu kaca-kaca. Kusan kullum wuri ɗaya suke tuntuɓe: a kira su cima-zaune, su rama da zagi.

Da farko, ka tantance wane kuɗi ake magana a kai. Kuɗin man fetur daban yake, wanda jihohin da ake haƙo shi suke samun kashi 13 cikin ɗari bisa sashe na 162 na tsarin mulki. VAT kuwa kashi 7.5 ne da mai saye yake biya. Wanda ya cakuɗa biyun ya riga ya sha kaye.

Mataki na biyu shi ne mai wuya, kuma a nan ni ma na taɓa faɗuwa. Za a liƙo maka jadawali mai nuna abin da Legas ta tara da abin da aka ba ta, kusa da na Zamfara ko Yobe. Kada ka ce jadawalin ƙarya ne. Ka fara da amincewa cewa Legas ce ta fi kowa tarawa, domin haka ne, sannan ka tambaya cikin ladabi: a ina aka rubuta harajin, a ina kuma aka sayi kayan? Mai shayi a Fagge da ya sayi katin waya na naira dubu ya biya VAT daga aljihunsa, amma a tsohon tsari ana lissafa shi ne inda hedikwatar kamfanin take, wato galibi Legas. Ka ƙara da cewa ba a ɗora VAT a kan abinci na yau da kullum, don haka buhunan gero da masara da tireloli ke kwasa daga kasuwar Dawanau ba sa fitowa a jadawalin. Ranar da na fara ganin irin wannan hoto, wajen ƙarfe ɗayan dare, ban faɗi ko ɗaya cikin waɗannan ba. Na zagi mutumin da garinsu, kashegari hoton zagin ne ya yi ta yawo.

Na uku, za a kawo maganar Hisba da fasa kwalaben giya alhali jihar da ake yin hakan tana karɓar kaso daga harajin giyar. Tambaya ce mai ma'ana, ka amsa ta a matsayin tambayar haraji, kada ka mayar da ita rigimar addini. Ka ambaci gwamna ko doka da suna, ka bar ƙabila.

Daga nan ka sabunta alƙalumanka. Dokar da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025 ta ba jihohi kashi 55 na kuɗin VAT, ana raba rabinsa daidai-wa-daida, kashi 20 bisa yawan jama'a, kashi 30 bisa inda aka yi amfani da kaya, ba kashi 60 da daftarin farko ya ware wa wannan ɓangare ba. Ƙa'idata ita ce amsa biyu ga mutum ɗaya. Idan ya koma zagi a karo na uku, ka rufe waya, data ta yi tsada.