Kurakuran da ake yawan yi wajen zaɓa wa mutum wasan bidiyo

Wani abokina ya taɓa ce min in zaɓa masa wasan da zai riƙa yi in ya tashi daga aiki. Ban ko yi tunani ba na ce Hollow Knight, don a lokacin shi ne ya hana ni barci. Bayan kwana uku ya kira ni ransa a ɓace: ya faɗa cikin kogo ya rasa hanyar fita. Na manta ban gaya masa ba cewa a wasan nan taswira ma sayenta ake yi, kuma ko ka saya ba za ka ga inda kake tsaye ba sai ka ɗaura wata laya. Mutumin da rabin awa kawai yake da ita, na tura shi inda ake son haƙurin wata guda.

Babban kuskuren ke nan, ka ba mutum abin da kai kake so. Kafin ka ambaci sunan wasa, tambaye shi na'urar da ke hannunsa, da yawan lokacin da yake samu, da kuma ko zai jure a kashe shi sau ashirin a wuri ɗaya. In ba zai jure ba, kada ka kai shi Elden Ring. Ba shi Celeste na 2018, wanda ke da tsarin sauƙaƙawa har da rage gudun wasan, ko Stardew Valley ya je ya yi nomansa hankali kwance.

Sai auna wasa da kyan hoto ko yawan kuɗin da aka zuba. Cyberpunk 2077 ya fito a Disambar 2020 bayan shekaru ana kwarzanta shi, amma ya zo da matsaloli har Sony ta cire shi daga shagonta na PlayStation, bai dawo ba sai a Yunin 2021. Stardew Valley kuwa mutum ɗaya ne, Eric Barone, ya yi zane da kiɗa da rubutun manhajarsa cikin fiye da shekara huɗu, ya fitar a 2016, har yau ana bugawa. Dalilin a fili yake. Kamfanin da ya ɗauki ɗaruruwan ma'aikata ba ya son kasada, sai ya maimaita abin da ya san yana sayuwa. Ƙaramin mai ƙira kuwa in bai zo da sabon abu ba, wa zai kalle shi?

Amma akwai masu zarce gona da iri ta ɗaya ɓangaren, duk ƙaramin wasa a wurinsu zinariya ne, duk babba kuma yaudara. Ni ma na yi wannan ƙuruciyar. Dubban wasanni ke shiga Steam, shagon sayar da wasannin kwamfuta a intanet, kowace shekara, mafi yawansu ba wanda zai tuna da su. Muna jin sunan Hades da wasan katin nan Balatro ne domin su suka tsira. Kuma duniya irin ta Red Dead Redemption 2, da dawakanta da garuruwanta da muryoyin 'yan wasa, mutum uku a ɗaki ba za su iya gina ta ba. In mutum irin wannan yake nema, kada ka cusa masa wasan kati kana cewa ya fi zurfi.

Ƙidayar awa ma tana ruɗar mutane. A ce wannan awa ɗari ne, wancan awa biyu, saboda haka na farko ya fi riba. Cikin awa ɗarin nan nawa ne aike, je ka ɗauko kaza ka kai wa wane? Wasan da ake kira A Short Hike kuwa ana gama shi a zama ɗaya, kuma bai ɓata maka minti ko guda ba.

Biyan kuɗi tun wasa bai fito ba cinikin biri ne a sama. Jira mako ɗaya ka ga yadda yake gudana a na'ura irin taka, ba a bidiyon talla ba. In a Steam ka saya, kana da kwana 14 na neman a mayar maka da kuɗinka muddin ba ka wuce awa biyu kana bugawa ba, don haka sa ido a kan agogo. Ka duba girman wasan tukuna, wasu manyan sun haura gigabait 100.

Abokin nan nawa daga baya Stardew Valley na ba shi. Yanzu shi ke kirana yana min bayanin irin shukar da ta fi kawo kuɗi a lokacin zafi, ni kuwa ko kaji ban ajiye ba a tawa gonar.